Waiwaye: Yadda aka kai ga auna cuta a jikin ɓera yana raye

Masu nazarin cutar barci da sammore, irin na cibiyar bincike ta NITR da ke nan Kaduna, sun san tsohuwar hanya sarai. A sa wa ɓera ƙwayar cuta, a riƙa ɗibar ɗigon jini daga wutsiyarsa ana ƙirgawa a madubin likita. In kuwa ana son sanin abin da ke faruwa a hanta ko ƙwaƙwalwa, sai an kashe dabbar an buɗe ta. Ɓeran da aka buɗe a makon farko ba shi ne na mako na huɗu ba, don haka kwatanci ake yi tsakanin jikuna daban-daban.

Tun 1959 Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka yi kira da a rage yawan dabbobin da ake amfani da su a gwaji. Kayan aikin da za su taimaka sosai sun zo daga baya, kuma daga asibitin mutane suka fito. Hoton CT na Godfrey Hounsfield ya fara aiki kan mara lafiya a Landan a 1971, yana nuna siffar gaɓoɓi dalla-dalla. Hoton PET kuma, wanda ya bunƙasa a Amurka cikin shekarun 1970, aiki yake nunawa: ana yi wa jiki allurar wani irin sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18, wanda ke fitar da wani haske da na'urar ke iya gani, inda ƙwayoyin halitta suka fi cin sukari, kamar ciwon daji, nan haske ya fi taruwa.

To, amma nauyin ɓera kusan giram 25 ne kawai, na'urar da aka ƙera don babban mutum kuwa ɗan tabo kawai za ta gani. Sai a shekarun 1990 ƙungiyar Simon Cherry a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ta ƙera ƙaramar PET ta musamman don ɓeraye. A 1998 David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa PET da CT a na'ura guda a Pitsbag, a 2008 kuma masu bincike a Tubingen ta Jamus suka nuna ɗaukar PET da MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu) lokaci ɗaya a jikin ɓera.

A ganina amfanin haɗin ya wuce kyan hoto. Hasken PET yana raunana yayin da yake ratsa nama da ƙashi, kuma abu ƙarami yakan bayyana da rauni fiye da gaskiyarsa. CT ne ke ba da taswirar da ake gyara lissafin da ita, har a samu adadin da za a iya kwatanta shi da na makon jiya a jikin dabba ɗaya. Ko a haka sai an yi taka-tsantsan: ɓeran da ya ci abinci, ko ya ji sanyi, ko aka ba shi maganin sa barci daban, sukarinsa zai bi wata hanya, adadin ya canza.

Ga mai bincike a Kaduna, lokaci ma ƙalubale ne. Fulorin-18 yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kusan minti 110, kuma a na'urar saikulotoron, mai harba ƙananan ƙwayoyin zarra da gudu, ake haɗa shi, don haka dole ta kasance kusa da inda ake ɗaukar hoton. Ƙaramar tashar binciken nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, wata irin na'ura ce daban, an fi amfani da ita wajen tantance sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai da abinci.