Yadda Sauyin Ƙa'idar Rarraba Kaya Aji-Aji Ke Taɓa Kuɗin Dako

Duk ɗan kasuwar Katsina ko Daura da ke yin odar injina, kayan gyaran mota ko kayan asibiti daga Amurka, akwai kuɗin da yake biya tun kayansa ba su ga teku ba, wato kuɗin ɗauko su a babbar mota daga wurin mai sayarwa zuwa siton ejan da zai loda su a kwantena. Idan kayan ba su isa su cika tirela guda ba, ana gwama su da na wasu, kuma farashin irin wannan dako yana bin tsarin da ake kira NMFC, wanda ƙungiyar NMFTA ta kamfanonin manyan motocin dako take kula da shi. Ba majalisa ce ta kafa tsarin ba, amma da yake kamfanonin sun amince da shi, kuma yana shiga cikin yarjejeniyar lodi, yana ɗaure mai kaya kamar yadda doka za ta ɗaure shi.

Tsarin ya raba kaya zuwa aji 18, daga aji 50 zuwa aji 500, kuma gwargwadon hawan lambar aji, gwargwadon tsadar dakon kowace laba ɗari. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a ba kaya aji: nauyinsu idan aka gwada da wurin da suka cinye a cikin mota, sauƙin jera su tare da wasu kaya, wahalar lodi da saukewa, da kuma haɗarin fashewa, lalacewa ko sata. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tashar mota, domin direban da zai ɗauki kaya daga Katsina zuwa kasuwar Mai'aduwa ba zai yi wa katifu kuɗin da zai yi wa siminti mai nauyinsu ba, tunda katifu kaɗan sun cika masa mota alhali ba su yi nauyin kirki ba.

Abin da ya sauya a ranar 19 ga Yulin 2025 shi ne, kayan da ba su da wata matsala ta lodi, jerawa ko haɗari, an daina ba su aji da sunansu kawai, an koma auna su. A da, sau da yawa ya isa a rubuta sunan kaya a takardar lodi a nemo ajinsa a jerin sunaye. Yanzu dubban nau'o'in kaya sun koma kan ma'auni ɗaya mai hawa 13, wanda ke kallon laba nawa ke cikin kowace ƙafa ɗaya ta tsawo, faɗi da tsayi. Kayan da ba su kai laba 1 ba suna aji 400, masu laba 8 zuwa ƙasa da 10 suna aji 100, masu 12 zuwa ƙasa da 15 suna aji 85, waɗanda suka kai laba 50 ko fiye kuwa suna aji 50, mafi arha.

A nan ne lissafin yake da daɗin bi. A ɗauka an ɗora kaya masu nauyin laba 500 a kan katakon lodi mai tsawon inci 48 da faɗin inci 40, aka jera su har tsayinsu ya kai inci 48. Idan aka haɗa tsawo, faɗi da tsayi, wurin da suka ci ya kai ƙafa 53 da 'yan kai, don haka kowace ƙafa tana ɗauke da laba 9.4, wato aji 100. Da mai ɗaurin kayan ya rage manyan kwalaye da soson da ba a buƙata, tsayin ya sauko zuwa inci 36, wurin zai koma ƙafa 40, nauyin kowace ƙafa ya zama laba 12.5, kayan su faɗo aji 85. Kaya ɗaya ne, nauyi ɗaya, hanya ɗaya, amma kuɗin ya bambanta saboda ɗauri kawai. Saboda haka ba daidai ba ne a ce sauyin ya ƙara wa kowa tsada. Mai shigo da ƙarafa da injina masu nauyi yana iya samun rangwame, mai shigo da kujeru ko robobi marasa nauyi shi ne ya fi fuskantar ƙari.

Wanda abin ya fi cutarwa shi ne mai ƙiyasta awo da ka. Kamfanonin dako suna da na'urorin da ke sake auna kaya a sitonsu, kuma idan awon ya saɓa wa abin da aka rubuta, sukan sauya ajin su aiko da sabon lissafi, wani lokaci har da kuɗin sake awon. Ɗan kasuwar da ke Katsina ba ya ganin wannan takarda. Abin da yake ji kawai shi ne ejan ya ce kuɗi sun ƙaru, alhali ya riga ya yanke wa abokan cinikinsa farashi. A ganina haƙƙinsa ne ya nemi a nuna masa awon, nauyin da ajin da aka rubuta tun kafin kaya su bar wurin mai sayarwa.

Kada kuma a rikita wannan aji da lambar kwastam. Ajin NMFC aikinsa yana ƙarewa a kan hanyoyin can, ba ruwansa da harajin Najeriya. Da zarar kaya sun iso tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, lambar kwastam da ake kira HS ce ke aiki, wadda Ƙungiyar Kwastam ta Duniya take sabuntawa lokaci-lokaci, kuma a kanta ne jadawalin harajin bai ɗaya na ECOWAS ya ɗora hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kaya suna iya samun aji mai arha a mota su kuma faɗa hawa mai tsada a kwastam, don haka mai lissafin riba sai ya tambayi lambobin biyu daban-daban kafin ya tura kuɗin oda.