Furotin mai karɓar kolestirol da ake haɗawa a ɗakin gwaji: tambayoyi da amsoshi

Wane irin abu ne wannan furotin?

A saman fatar ƙwayoyin halittar jiki, musamman na hanta, akwai wani furotin da ake kira LDLR. Aikinsa kamar na ƙugiya ne: yana kamo ƙwayoyin LDL masu ɗauke da kolestirol (wani abu mai kama da kitse) a cikin jini, ya shigar da su cikin ƙwayar halitta, ya sauke su, ya sake fitowa waje. Zuwa da dawowar nan ba ya wuce kimanin minti 10. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano shi a Dalas ta Amurka a farkon shekarun 1970, lokacin da suke binciken mutanen da suka gaji hauhawar kolestirol. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1985.

To me ake nufi da "haɗawa"? Ba daga jikin mutum ake ɗebo shi ba?

A'a. Da farko daga jikin shanu aka tace shi, a 1982, daga wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda, kuma aiki ne mai wahala wanda ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Da aka kwafi ƙwayar gadon da ke yin sa a 1984, sai hanya ta buɗe. Yanzu ana ɗaukar wannan ƙwayar gado a saka ta cikin ƙwayoyin halitta da ake rainonsu a kwalba, irin HEK293 (na mutum) ko CHO (na wata dabba mai kama da ɓera), ko na ƙwari. Su kuma su yi ta ƙera furotin suna zubarwa cikin ruwan da suke rayuwa a ciki.

Galibi ba duka furotin ake yi ba. Cikakkensa yana da amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 839, amma akan yanke wutsiyar da ke maƙale da fatar ƙwayar halitta, a bar ɓangaren waje don ya narke a ruwa. Sannan a liƙa masa histidin, wani nau'in amino asid, guda 6 a ƙarshe. Su ne ke manne wa ƙarfen nikel, sai a wanke sauran tarkace ya rage shi kaɗai.

Me ya sa ba a yin sa da bakteriya, tunda ta fi arha?

Nan ne maganar take. Ɓangaren da ke kama LDL ya ƙunshi gaɓoɓi 7, kowace tana da ƙulli 3 na salfa da kuma ƙwayar kalsiyam ɗaya da ke riƙe siffarta. Bakteriya ba ta iya ɗaura waɗannan ƙulle-ƙulle daidai da kanta, ba ta kuma lulluɓe furotin da sukari yadda jikinmu ke yi. Za ka iya samun abu mai yawa, amma a murɗe, ba ya kama komai. Ƙananan yankuna ne kawai ake yi da ita, su ma sai an sake naɗe su.

Kalsiyam ɗin nan ba abin wasa ba ne. Na taɓa ganin ɗaliba ta buɗe 'yar kwalbar, farin garin da ke gindinta da ƙyar ake ganinsa, ta narkar da shi a ruwan da ke da EDTA. EDTA kuwa kwashe kalsiyam take yi. Kwana uku tana gwaji, sakamako shiru, har ta fara zargin kanta da rashin iya aiki. Hankalina ya tashi ƙwarai da na gane dalili, domin kuɗin tallafinta ne ya salwanta kan abin da magana ɗaya za ta hana.

Wane amfani masu bincike ke yi da shi?

Da irinsa aka ga siffar furotin ɗin a 2002, aka fahimci yadda yake naɗe kansa ya saki LDL idan ya shiga wuri mai tsami a cikin ƙwayar halitta. Sai kuma batun PCSK9, furotin da aka gano a 2003, wanda ke manne wa LDLR ya ja shi zuwa inda za a lalata shi. Ana shimfiɗa LDLR a ramukan farantin gwaji, a zuba PCSK9, a ga ko sabon sinadari zai raba su. Magungunan alirocumab da evolocumab, waɗanda aka amince da su a 2015, wannan haɗuwar suke tarewa. Masu nazarin ƙwayoyin cuta ma suna nemansa, don wasu ƙwayoyin cutar mura ta nan suke shiga.

Za a iya yi wa mai hawan kolestirol allurarsa?

Ko kusa. Na gwaji ne kawai, ba a tace shi don jikin mutum ba.

Yaya ake ajiye shi?

Busasshen garin furotin ɗin yana jure sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Idan an narkar, a raba shi ƙananan kwalabe a daskarar, a riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya, domin yawan daskarewa da narkewa yana lalata shi. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a tanadi janareto ko sola tun kafin a yi odar kwalbar.