Ba muryar ɗa namiji kaɗai ke sauyawa ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in balaga ta zo, muryar namiji ce kawai ke buɗewa, ta mace kuwa tana nan yadda take. Ba haka ba ne. Ita ma muryarta tana ɗan yin ƙasa, har takan dusashe wani lokaci, iyaye su zaci mura ce.

Bambancin a girman sauyin yake. Hanyar da sauti ke bi daga maƙogwaro zuwa leɓe kusan santimita 8 ce a jariri. Kafin balaga tsawonta kusan ɗaya ne ga yara maza da mata. Daga nan sinadarin testosteron, wanda ke ƙaruwa a jikin namiji lokacin balaga, ke kaurara tantanin da ke kaɗawa a maƙogwaro ya fitar da muryarsa, maƙogwaronsa ya ƙara sauka, hanyar ta kai kusan santimita 17, ta mace kuma 14 zuwa 15.