Tantance takardun auna lafiyar baki da aka fassara wa yaran Turkiyya

Takardar auna tasirin lafiyar baki jerin tambayoyi ne da ake yi wa yaro ko iyayensa don a gano yadda ciwon haƙori, kumburin dasashi ko karkacewar haƙora ke taɓa cin abincinsa, barcinsa, karatunsa da zamansa cikin sa'o'insa. Likita yana iya ƙirga haƙoran da suka ruɓe, amma madubinsa ba zai nuna masa yaron da ke rufe baki da hannu in zai yi dariya ba.

Fitattun takardun duk a wajen Turkiyya aka tsara su. Aleksandra Jokovic da David Locker da abokan aikinsu a Jami'ar Toronto ta Kanada sun fitar da wata takarda mai suna CPQ, wadda yaro ke amsawa da kansa, a 2002 domin 'yan shekara 11 zuwa 14. Tambayoyi 37 ne a rukuni huɗu: alamomin ciwo a baki, abin da ciwon ke hana yaro yi, halin da zuciyarsa ke ciki, da mu'amalarsa da mutane. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 4, kuma yawan maki alama ce ta tsananin matsala. Ta 'yan shekara 8 zuwa 10 mai tambayoyi 25 ta biyo baya a 2004. Wata takardar kuwa mai suna ECOHIS, mai tambayoyi 13, a Amurka aka fitar da ita a 2007, kuma iyaye ne ke amsawa a madadin ƙananan yara. Kadriye Peker da abokan aikinta a Istanbul sun wallafa sakamakon gwajin fassararta ta Turkanci a 2011, kan 'yan shekara 5 zuwa 6.

Fassarar tana da ƙa'ida. Mutum biyu ne ke mai da takardar Turkanci, kowa shi kaɗai, sai a haɗa aikinsu. Wasu da ba su taɓa ganin ta asali ba su sake mai da ita Ingilishi, kwamitin ƙwararru ya gwada biyun, sannan a jarraba a kan yara kaɗan. Nan ne aikin ke da wuya. Turkanci ya bambanta “sen” na sabo da “siz” na girmamawa, alhali Ingilishi kalma ɗaya yake da ita, don haka tilas a zaɓi yadda za a yi wa yaro magana. Sannan dole ɗan shekara 8 ya iya rarrabe “bazen”, wato wani lokaci, da “sık sık”, wato sau da yawa. In ya kasa, makin ya tashi a banza komai kyan fassarar.

Bayan haka sai lissafi. Ana duba ko tambayoyin suna tafiya tare ta ma'aunin alfa na Cronbach, wanda galibi ake so ya kai 0.70. Ana maimaita wa wasu yaran tambayoyin bayan kimanin mako biyu don a ga ko amsarsu ta tsaya. Ana kuma gwada makin da abin da likita ya gani a baki, a ga ko masu ruɓaɓɓun haƙora sun fi sauran maki.

Raunin da ake yawan samu shi ne ɗaukar yaran daga asibitin haƙori na jami'a guda. Wanda aka kawo asibiti da ma yana da koke, kuma yaron Istanbul ba lallai ya wakilci na ƙauyen gabashin Anatoliya (gabashin Turkiyya) ba, inda a gidaje da yawa Kurdanci ne harshen farko.