Steven Soderbergh

Steven Soderbergh daraktan finafinai ne ɗan ƙasar Amurka, wanda kuma yake aikin furodusa da ɗaukar hoto da tace fim. An haife shi ranar 14 ga Janairu, 1963 a birnin Atlanta na jihar Georgia. An fi saninsa da kai-kawo tsakanin ɓangarori biyu na sana'ar fim a Amurka, wato ƙananan finafinai masu zaman kansu da ake yi da kuɗi kaɗan, da kuma manyan finafinan Hollywood masu cin miliyoyin daloli. Ya ci kyautar Palme d'Or, babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, a 1989 da ta Oscar a 2001.

Tasowarsa

Mahaifinsa, Peter Soderbergh, malamin jami'a ne, kuma aikinsa ya kai iyalin birnin Baton Rouge, inda ya zama shugaban tsangayar ilimi a Jami'ar Jihar Louisiana. Tun yana sakandare Steven ya riƙa shiga cikin ɗaliban fim na jami'ar yana yin gajerun finafinai da kayan aro. Bai yi karatun jami'a ba. Ya je Los Angeles neman sa'a, ya ɗan taɓa aikin tace hotuna, sannan ya koma gida. Aikinsa na farko da ya yi suna shi ne fim ɗin wasan ƙungiyar mawaƙa mai suna Yes na 1985, wanda ya shiga takarar kyautar Grammy.

Shekarar 1989

Fim ɗinsa na farko mai cikakken tsawo shi ne Sex, Lies, and Videotape, wanda aka ce ya rubuta labarinsa cikin kwana takwas, aka kuma ɗauke shi a Baton Rouge a kan kimanin dala miliyan 1.2. Labarin mutum huɗu ne kacal: wani lauya da matarsa, da ƙanwar matar, da wani tsohon abokin mijin da ya dawo garin ɗauke da kyamarar bidiyo, yana naɗar hirar da yake yi da mata a kan sirrin rayuwarsu. Babu harbi, babu tseren motoci, kusan komai zance ne a cikin ɗaki.

A watan Janairun 1989 aka nuna shi a bikin finafinai na Park City da ke jihar Utah, wanda daga baya ya koma amsa sunan Sundance, ya kuma ci kyautar 'yan kallo. A watan Mayu alƙalan bikin Cannes na Faransa, ƙarƙashin jagorancin daraktan Jamus Wim Wenders, suka ba shi babbar kyautar bikin yana da shekara 26, jarumin fim ɗin James Spader kuma ya karɓi ta gwarzon jarumi. Hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba, domin wasu sun ga fim ɗin Spike Lee da aka shigar a shekarar ya fi cancanta.

Abin da ya girgiza masana'antar shi ne ciniki. Kamfanin Miramax ya sayi fim ɗin ya rarraba shi, ya kuma tara kusan dala miliyan 25 a gidajen sinima na Amurka kawai, wato ya ninka kuɗin da aka kashe masa kusan sau ashirin. Daga nan dillalai suka fara tururuwa zuwa Sundance da zummar sayen ƙananan finafinai, manyan kamfanoni kuma suka shiga buɗe sassa na musamman domin irin wannan kasuwa. Disney ya sayi Miramax ɗungurungum a 1993, Fox kuma ya kafa Fox Searchlight a 1994. Masu tarihin fim da dama suna ɗaukar 1989 a matsayin mafarin bunƙasar finafinai masu zaman kansu na shekarun 1990, ko da yake akwai daraktoci irin su John Sayles da Jim Jarmusch da suka riga shi share hanya.

Shekarun koma-baya

Nasarar ba ta ɗore ba. Kafka na 1991 da King of the Hill na 1993 da The Underneath na 1995 duk ba su yi kasuwa ba, duk da cewa masu sharhi sun yaba na biyun. Soderbergh da kansa ya sha kushe The Underneath. Maimakon ya nemi wani babban aiki, sai ya koma Baton Rouge da 'yan ma'aikata ƙalilan ya yi Schizopolis, wani fim na barkwanci mai wuyar ganewa wanda shi ya rubuta, ya ɗauka, ya kuma fito a ciki. Mutane kaɗan ne suka kalle shi, amma a nan ya koyi yin aiki da sauri da kuma riƙe kyamara da hannunsa, ɗabi'ar da bai rabu da ita ba.

Shiga Hollywood

Kamfanin Universal ya ba shi Out of Sight a 1998, tare da George Clooney da Jennifer Lopez, aikin da ya dawo da martabarsa a idon masu zuba jari. A shekarar 2000 ya fitar da finafinai biyu. Erin Brockovich labarin gaskiya ne na wata ma'aikaciyar ofishin lauya da ta bi kadin gurɓata ruwan sha a garin Hinkley na California, kuma da shi Julia Roberts ta ci Oscar. Traffic kuwa ya bibiyi fataucin miyagun ƙwayoyi tsakanin Mexico da Amurka ta labarai uku da ke tafiya tare, kuma domin kada mai kallo ya ruɗe, sai aka ba kowane labari launinsa: ɓangaren Mexico ruwan ƙasa mai ƙura, na alƙalin jihar Ohio shuɗi mai sanyi, na San Diego kuma mai haske sosai. Duka biyun sun shigar da shi takarar Oscar ta gwarzon darakta a shekara guda, abin da rabon da a gani tun zamanin darakta Michael Curtiz a ƙarshen shekarun 1930. Traffic ne ya ci masa kyautar.

Ocean's Eleven na 2001, labarin fashin gidajen caca a Las Vegas, ya tara kimanin dala miliyan 450 a duniya, aka kuma yi masa ci gaba a 2004 da 2007. A wannan tsakanin shi da Clooney suka gudanar da kamfanin Section Eight, wanda ya tsaya wa finafinan wasu daraktoci, ciki har da Insomnia na Christopher Nolan.

Ana yawan cewa tsarinsa shi ne ya yi wa kamfanoni fim ɗaya, ya yi wa kansa ɗaya. Shi dai bai yarda da wannan rabe-raben ba, sai dai jerin ayyukansa yana ba masu faɗin haka hujja. Tsakanin finafinan Ocean's ne ya yi Bubble, wanda aka ɗauka a kan iyakar jihohin Ohio da West Virginia da mutanen gari waɗanda ba su taɓa yin fim ba. Matar da ta ja labarin an same ta ne tana aiki a wani gidan sayar da soyayyen kaza. A watan Janairun 2006 aka sake shi a sinima da talabijin rana ɗaya, faifansa ya biyo baya da 'yan kwanaki, abin da ya sa manyan masu gidajen sinima suka ƙi nuna shi, saboda suna ganin za a kashe musu kasuwa. A 2008 ya fitar da Che, tarihin Che Guevara cikin kashi biyu, fiye da awa huɗu, mafi yawansa da harshen Sifaniyanci.

Ritaya da dawowa

Bayan Contagion na 2011, fim a kan ɓarkewar annoba, da Magic Mike na 2012, ya ɗan jingine fim ɗin sinima. A wani jawabi da ya yi a bikin finafinai na San Francisco a 2013, ya koka da yadda tsadar talla ta sa kamfanoni ke gudun duk labarin da ba su tabbatar zai sayu a ko'ina ba. Ya koma talabijin, inda ya ba da umarnin dukkan kashi 20 na shirin The Knick. Ya dawo sinima a 2017 da Logan Lucky, ya kuma ɗauki Unsane na 2018 da wayar iPhone. Lokacin annobar korona a 2020 mutane sun koma kallon Contagion sosai, ƙungiyar daraktocin Amurka kuma ta ɗora shi a kan kwamitin tsara yadda za a koma aiki. Yana cikin waɗanda suka shirya bikin Oscar na 2021, wanda ya sha suka. A 2025 an saki finafinansa Presence da Black Bag.

Sunayen aro

Tun daga Traffic shi ne yake ɗaukar hoton finafinansa, amma sunan da ake rubutawa a allo shi ne Peter Andrews, wanda ya samo daga sunayen mahaifinsa. Idan kuma shi ya tace fim, sai a ga Mary Ann Bernard, sunan mahaifiyarsa kafin ta yi aure.