Beriliyom: Ƙarfen da Ya Tona Asirin Nutiron

Bayan darasin ƙwayar zarra, ɗalibaina na ajin ƙarshe a nan Kano sun tsare ni da tambayoyi. Ga wasu daga ciki.

Malam, mene ne beriliyom?

Ƙarfe ne mara nauyi mai ruwan toka, na 4 a jadawalin sinadarai. Cibiyar ƙwayar zarrarsa na ɗauke da ƙananan ƙwayoyi iri biyu: firoton 4 da nutiron 5. Akwai shi a cikin dutsen zumurrudu.

Yana fitar da tururin nukiliya?

Wanda ake haƙowa daga ƙasa ba ya fitarwa, sai an tsokane shi. Idan ƙwayar alfa, wadda wasu sinadarai masu tururin nukiliya ke fitarwa, ta doki cibiyarsa, sai su haɗe su zama kabon-12, nutiron guda ya fice a guje.

Nan ne labarin ya fi daɗi. A 1930, Walther Bothe da Herbert Becker a Jamus suka harba wa beriliyom alfa daga sinadarin foloniyom, sai ga wani abu mai ratsa dalma ya fito. Suka ɗauka hasken gama ne, wato wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. A Faransa, Irène Joliot-Curie da mijinta suka ga abin nan yana fizgo firoton daga cikin kakin farafin. James Chadwick na Ingila bai yarda haske zai iya wannan aiki ba. Dole akwai ƙwaya mai nauyi wadda ba ta da caji. A 1932 ya tabbatar da nutiron, ya sami kyautar Nobel a 1935.

Ina ruwanmu da shi a nan?

Ai ga Zariya nan kusa. Tukunyar nukiliyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, beriliyom ne ya kewaye cikinta, yana mayar da nutiron ɗin da ke neman tserewa. Masu haƙar mai kuma suna haɗa shi da amerisiyom, wani sinadari mai fitar da ƙwayar alfa, a cikin kwalbar ƙarfe su zura a rijiya don su gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

To, ina haɗarin yake?

Ƙurarsa tana lalata huhu, shi ya sa ba a goge shi ko niƙa shi haka siddan. Amma waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne 'yan gwangwan, masu fasa duk abin da ya zo hannunsu da guduma. Kwalbar ƙarfe ƙarama, mai nauyi, da tambarin fuka-fukai uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa, kada a taɓa ta, domin tana iya ɗauke da sinadari mai fitar da tururin nukiliya. A ja da baya, a kori yara daga wurin, a sanar da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA.