Rushewa da Sabunta Furotin a Gyaran Tunanin da Ƙwaƙwalwa ta Adana

Furotin ɗin da ke mahaɗar ƙwayoyin jijiya, inda ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya, ba ya daɗewa. Yawancinsa kwanaki ne ko 'yan makonni sai a rushe shi a ƙera sabo, amma mutum kan tuna yarintarsa har tsufa. Masanin kimiyya Francis Crick ya taso da tambayar yadda hakan ke yiwuwa a 1984. Daga baya aka gano cewa rushewar ita ce ƙofar da sabon bayani ke bi ya shiga tsohon tunani.

Tun shekarun 1960 aka san cewa sabon abin da aka koya ba ya zama daram sai an ƙera furotin. A 2000 kuwa, Karim Nader da Glenn Schafe da Joseph LeDoux na Jami'ar New York suka koya wa ɓeraye tsoron wani sauti ta hanyar haɗa shi da ɗan girgizar lantarki. Washegari suka sake kunna sautin, nan take suka zuba anisomaisin, maganin da ke hana ƙera furotin, cikin amigdala, sashen da ke kula da tsoro. Ɓerayen da a da suke sandarewa da jin sautin sai tsoron ya ragu ƙwarai. Idan ba a kunna sautin ba, ko aka jinkirta maganin sa'o'i 6, tsoron na nan yadda yake. Tunawar ce ke sassauta tunanin, sai an sake ɗaure shi da sabon furotin.

Abin da ke sassauta shi ya fito fili a 2008, a aikin ƙungiyar Bong-Kiun Kaang ta Jami'ar Ƙasa ta Seoul. Bayan tunawa, ana manna wa wasu furotin masu riƙe mahaɗar, irin su Shank da GKAP, wata ƙaramar alama mai suna yubikwitin, sai furotiyasom, wato injin da ke rushe furotin a cikin ƙwayar halitta, ya daddatsa su. Da suka toshe furotiyasom a hipokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke taimakawa wajen adana tunani, anisomaisin ya kasa goge komai, domin tunanin bai buɗu ba balle ya lalace. Wannan gwaji ne mai gamsarwa matuƙa: ƙwaƙwalwa kamar magini ce, sai ya fasa bango kafin ya kafa taga.

Ba kowace tunawa ke jawo rushewar ba. Galibi sai abin da ya faru ya saɓa wa abin da aka zata, kuma tsofaffin tunani masu ƙarfi sun fi wuyar buɗuwa. An gwada furofuranolol, wani maganin hawan jini, ga masu fama da firgicin bayan masifa don rage zafin tunanin yayin sake ɗaure shi, sai dai sakamakon gwaje-gwajen bai zo ɗaya ba.